Lauya a Cinikin Gida da Fili: Aikinsa Kafin a Biya Kuɗi Yake

Wanda ya sayi fili ko gida a Najeriya, a idon doka ba ƙasar ya saya ba. Abin da ya shiga hannunsa shi ne haƙƙin zama a kanta da cin moriyarta, tare da ginin da ke bisanta in akwai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ya riƙe ta amana domin jama'a. A birane gwamna ne ke ba da izinin mallaka, galibi na shekara 99 in wurin na gidan zama ne, a karkara kuma ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ƙara ɗaure wannan doka a sashe na 315, ta yadda ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Ga Arewa abin ba baƙo ba ne. Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta tsarin da dokarta ta 1962, kuma daga waccan dokar aka ɗebo yawancin abin da ke cikin ta 1978.

Cinikin da ake ƙullawa kullum a unguwannin Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato bai cika bi ta kan wannan doka ba. Dillali ya kai mai saye ya ga wuri, a taya, a ce albarka, a ƙara, mai abu ya sallama. A ba da kafin alƙalami, a sa ranar cikawa. Ran nan a zauna a zauren mai unguwa, a rubuta takarda, shaidun kowane ɓangare su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a fitar da la'ada, a shafa fatiha. Tsarin yana da ƙarfinsa, kuma kuskure ne a raina shi. A tsohuwar unguwa mai unguwa ya san kakan mai gidan, ya san inda katanga ta tsaya tun kafin a yi kwalbati, ya san 'yar gidan da aka aurar Gusau wadda ba a ba ta rabonta ba. Wannan sani babu ofishin da ke da shi. Matsalar ita ce gari ya riga ya fi ƙarfin wannan sani. A sababbin unguwannin da suka cinye gonaki a gefen birane, fili ɗaya kan wuce hannu biyar cikin 'yan shekaru, mai sayarwa baƙo ne, mai saye baƙo ne, shi kansa mai unguwar bai daɗe da tarewa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba game da wancan zama na zaure. Kusan duk wanda ke wurin sai ciniki ya faɗa yake samu. Dillali ba shi da la'ada in aka fasa, 'yan kamasho da ke bayansa haka, mai sayarwa kuɗinsa yake jira. Ba sai ɗayansu ya zama macuci ba kafin ya ga kyawun wurin ya kau da kai daga aibinsa. Lauyan mai saye shi kaɗai ne aikinsa ya haɗa da ya ce kada a saya. Amma a al'adar da aka saba, shi ne na ƙarshen da ake nema, bayan an ga jan fenti a katanga ko sammaci ya iso daga kotu. A lokacin aikin da ya rage masa shari'a ce, wadda kan ɗauki shekaru tana hawa daga babbar kotu zuwa ta ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli, alhali da makonni kaɗan na bincike sun isa.

Binciken yana farawa ne daga tambaya ɗaya: ta yaya wurin ya zo hannun mai sayarwa? Gwamnati ce ta ba shi, saye ya yi, gado ya ci, ko kyauta aka yi masa? Kowace amsa tana da takardar da ya kamata ta tsaya mata, kuma lauya zai bi takardun baya-baya har ya kai ga tushe mai ƙarfi. In wurin yana da satifiket na izinin mallaka, sai ya nufi ma'aikatar ƙasa da safiyo, ko hukumomin da aka kafa don adana bayanan filaye a kwamfuta, irin su AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano. Can zai biya kuɗin bincike a buɗe masa fayil, ya ga sunan wa ke kai, ya gwada lambar satifiket da girman fili da abin da aka nuna masa, ya duba ko an jinginar da wurin ga banki, ko gwamnati ta soke izinin, ko akwai wanda ya shigar da ƙorafi, ko an tara bashin harajin ƙasa. Satifiket na jabu ba ya wuyar bugawa, kuma ido ba ya rabe shi da na gaske. Fayil ne ke tona shi.

Ko na gasken ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya riƙe satifiket ya gama da kowa, alhali Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa satifiket hujja ce ta farko kawai, kuma ba ya tsayawa a gaban wanda ya tabbatar da cewa haƙƙinsa ya riga shi. A ɗaya gefen kuma, rashin satifiket ba ya nufin rashin mallaka. Sashe na 34 na dokar 1978 ya ɗauki wanda ke da ginannen wuri a birni tun kafin dokar tamkar gwamna ya riga ya ba shi izini. Gidajen cikin ganuwar Kano da Katsina da Zariya da dama a kan wannan suke zaune. Don haka lauyan da ya san aikinsa ba ya tsayawa a ofis. Zai je wurin da ƙafarsa, ya ga wa ke ciki, ya tambayi maƙwabta, ya gaida mai unguwa ya ji ta bakinsa. Rubutun nan da ake gani a bangon wasu gidaje, mai gargaɗin cewa gidan ba na sayarwa ba ne, shaida ce ta yawan gidajen da aka sayar masu su ba su sani ba.

Aikin safiyo yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na lauya, ba ɗaya da ke maye gurbin ɗaya. Safiyo ne zai ɗauki ma'aunin wurin ya ɗora a kan taswirar gwamnati, a gane ko filin da aka nuna shi ne wanda takarda ke magana a kai. A nan ne filayen awon igiya suke da haɗari. Mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti ba tare da hukumar tsara birni ta amince da shimfiɗar ba, ya sayar da araha. Wasu daga ciki suna zaune lafiya har a daidaita musu takardu daga baya. Wasu kuwa sun faɗa kan hanyar da aka tsara, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kan magudanar ruwa, ko cikin filin da gwamnati ta riga ta karɓa ta biya diyya shekaru da suka wuce, mai gonar ya karɓi diyyar ya kuma dawo ya sayar. Tambaya a hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ita ke warware wannan. A Abuja abin ya fi tsanani. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Madu da Madu a 2008 cewa ƙasar babban birnin tarayya ta gwamnatin tarayya ce, kuma ta hannun ministan birnin ake ba da ita. Takardar da wani basarake ya bayar a can ba ta zama mallaka, komai yawan hatimin da ke jikinta. Sayen irin wannan wuri ba tare da bincike ba cinikin biri a sama ne.

In mai sayarwa kamfani ne, akwai ƙarin tafiya zuwa Hukumar Rajistar Kamfanoni, a ga ko wanda zai sa hannu yana da ikon yin haka, ko kuma kadarorin kamfanin suna ɗaure da bashi. A kotuna ma ana dubawa, domin wanda ya sayi wurin da ake shari'a a kansa ya sayi hukuncin da zai fito, ko da bai san da ƙarar ba.

Inda aka fi samun rikici a ƙasar Hausa shi ne gidan gado, kuma nan ne ake gane lauyan da ya karanci wurin da yake aiki. Mutum ya rasu ya bar gida, babban ɗa ya riƙe takardu, shekaru suka shuɗe yana karɓar haya yana gyaran rufi, har unguwa ta saba kiran gidan da sunansa. Riƙe takarda bai mai da shi mai gida ba. A shari'ar Musulunci, wadda kotunan jihohin Arewa ke raba gadon Musulmi da ita a kan mazhabar Malikiyya, sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sannan abin da ya rage ya zama na magada, kowa da kasonsa: matan mamacin, 'ya'yansa mata da maza, iyayensa in suna raye. Magaji ɗaya ba ya sayar da abin da ya wuce rabonsa. Lauyan mai saye zai nemi takardar rabon gado daga kotun da ta raba, ya ga ko gidan ya faɗo a kason mai sayarwa. In ba a raba ba, zai nemi a lissafo magada duka, kowa ya sa hannu da kansa ko ta wakilin da ya naɗa a rubuce. Waɗanda aka fi tsallakewa su ne mata da ke gidajen aurensu a wasu garuruwa, da 'ya'yan matar da aka saka tun da daɗewa, da jikokin da mahaifinsu ya rasu bayan kakan amma kafin a raba. In akwai marayu ƙanana, ba a sayar da kasonsu da yardar kawu kawai, sai da sanin alƙali. Wanda aka tsallake yau yana iya tasowa bayan mai saye ya rushe ya gina bene.

Akwai hukunce-hukunce biyu na fiƙihu da lauya ke sa wa ido a nan. Na farko shufa'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, kuma yana faɗuwa in mai shi yana nan, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce. Lauya mai lura zai sa sauran magada su rubuta cewa an yi musu tayi sun yafe. Na biyu hauzi, wato daɗewa a kan wuri mai shi yana gani bai yi magana ba, wanda kotuna ke ƙiyasta shi da shekara 10 tsakanin bare da bare, shekara 40 tsakanin dangi. Masu sayar da gona sukan kafa hujja da shi, suna cewa tun kakanni suke nomanta. Amma hauzi ba ya aiki in asalin shigar aro ne ko jingina ko haya, kuma gonakin karkara da yawa ta haka suka shiga hannun masu nomansu. Haka wurin da aka yi waƙafi da shi ba ya sayuwa. Gidan da ke da sunan mace kuma nata ne, mijinta ba ya sayar da shi sai da izininta, duk da cewa a zaure sau da yawa ba a ko tambaya. In mamacin ba Musulmi ba ne, ko dukiyarsa ta bi tsarin dokar boko, abin da ake nema shi ne takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu.

Bayan bincike sai rubutu, kuma mataki biyu ne, ko da yake an fi son a haɗe su a dunƙule. Na farko yarjejeniyar ciniki, wadda ya kamata ta riga kafin alƙalami ko ta zo tare da shi. A cikinta ake faɗin farashi, da abin da aka bayar, da ranar cikawa, da makomar kuɗin in wani ya fasa ko bincike ya turo matsala. A cikinta ake rubuta abubuwan da suke haddasa faɗa daga baya saboda an ɗauke su ƙanana: tankin ruwa da injin rijiyar burtsatse suna cikin ciniki ko a'a, wa zai biya tsohon bashin wuta, yaushe 'yan haya za su tashi kuma wa zai tashe su. Rubuta ma'amala ba al'adar Turawa ba ce da aka ɗora wa mutane. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wajen biya kuma, lauya zai nace a bi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa. Ban da kasancewar hakan shaida, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, ba ta hannun banki ba.

Mataki na biyu shi ne takardar miƙa mallaka, wadda da ita haƙƙin ke tashi daga wannan ya koma wancan. A nan dokar 1978 ta gitta sharaɗin da ya fi kowane wahalar da mutane. Sashe na 22 ya hana mai izinin mallaka ya sayar ko ya jinginar ko ya ba da wurin ga wani sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. Shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989 ta nuna cewa maganar ba wasa ba ce. An jinginar da gida aka ci bashi, da banki ya tashi sayarwa sai mai gidan ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba, Kotun Ƙoli kuma ta rushe jinginar. Daga baya, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe ta 1995, kotun ta sassauta, ta ce ba laifi a ƙulla yarjejeniya kafin amincewar ta fito, sai dai cinikin bai cika ba har sai ta fito. A rubuce mai sayarwa ne ke da alhakin nemo ta. A aikace ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mai saye ne ke zarya. Saboda haka lauya ke tabbatar da cewa mai sayarwa ya sa hannu a takardar neman amincewar, ya miƙa satifiket na asali da sauran takardu, a zama ɗaya da biyan cikon kuɗi. Bayan amincewa sai harajin hatimi, sai rajista. Rajistar ce ke sanar da duniya cewa wurin ya sauya hannu, kuma in aka sayar wa mutum biyu, galibi wanda ya riga yin rajista ba tare da sanin cinikin farko ba shi ke da rinjaye.

Gaskiya ne wannan hanya tana da tsada da jan lokaci, kuma sharaɗin amincewar gwamna ya fi zama hanyar tara kuɗin shiga a kan kare mai saye. Sakamakonsa shi ne mutane sun nemo ɓarauniyar hanya, wato takardar wakilci, inda mai sayarwa ke naɗa mai saye wakilinsa a kan wurin. A Abuja da Kano ta zama ruwan dare, har wasu na ɗaukarta ita ce takardar saye. Kotun Ƙoli ta ce ba haka ba ne a shari'ar Ude da Nwara ta 1993: takardar wakilci izini ce ta yin abu da sunan wani, ba ta miƙa mallaka. Tana da amfani in an haɗa ta da cikakkiyar takardar miƙa mallaka, ta zama abin riƙo kafin a kammala rajista. Lauyan da ya bar mai saye da ita kaɗai bai faɗa masa iyakarta ba, bai cika aikinsa ba. Haka iyayen da ke saya wa yara fili da sunansu ya kamata a sanar da su cewa sashe na 7 na dokar 1978 ya hana gwamna ba wanda bai kai shekara 21 ba izinin mallaka kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa.

Mai sayarwa ma yana da buƙatar nasa lauyan, ko da yake nauyinsa bai kai na mai saye ba. Shi zai hana a saki takardun asali kafin kuɗi su tabbata a asusu, ya karanta alƙawuran da aka rubuta da sunan mai sayarwa don kada ya ɗauki lamunin abin da bai sani ba, ya kuma tsara yadda za a yi in biyan kashi-kashi ne.

Haya ta fi saye yawa nesa ba kusa ba, kuma ita aka fi yi da baki. Rasit ɗin da wakilin mai gida ya yaga ya bayar shi ne duk abin da yawancin 'yan haya suka riƙe. Ga ɗaki ɗaya a gidan haya wannan yana iya wadatarwa. Ga shago, ko makaranta, ko gidan mai, ko filin da kamfanin waya zai kafa turken sabis, rashin rubutu ganganci ne. Hayar da ta wuce shekara 3 doka na son a yi ta da cikakkiyar takarda mai hatimi, kuma dole ranar farawa da tsawon wa'adi su fito fili, in ba haka ba kotu na iya cewa babu hayar ma sam. Lauya zai rubuta wa ke gyaran rufi wa ke gyaran famfo, ko ɗan haya na iya saka wani a madadinsa, ko gidan zama na iya komawa wurin sana'a, yaushe ake ƙarin kuɗi kuma da wane ma'auni. Inda aka fi asara shi ne ɗan hayar da ya zuba kuɗinsa ya gyara shago ko ya yi gini a filin wani bisa alƙawarin baki cewa za a riƙa cirewa a haya, sai mai wurin ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba. 'Yan kasuwa kuma ya kamata su san cewa shaguna da yawa a manyan kasuwanni na hukuma ne, abin da ake kira sayen shago sau da yawa sayen takardar rabo ne, kuma sai hukumar kasuwar ta sauya suna a littafinta yake tabbata.

Tashin ɗan haya yana da ƙa'idar da masu gidaje suka fi karyawa. In yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan mako ana ba shi notis na mako, mai biyan wata na wata, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai biyan shekara na wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wani na kwana 7 mai sanar da shi cewa za a je kotu. Kotu ce kaɗai ke fitar da shi. Cire ƙofa, ko kware rufi, ko watso kaya waje, ko kawo 'yan sanda su tsorata shi, duk suna iya juyewa su zama diyyar da mai gida zai biya wanda yake bin bashin haya. Kuskure ƙarami a lissafin ranakun notis ya sha mayar da shari'a farko, shi ya sa rubuta shi aikin lauya ne.

Babban abin da ke korar mutane daga ofishin lauya shi ne kuɗi, kuma ƙorafin yana da tushe. Ƙa'idar biyan lauyoyi da aka fitar a 2023 ta sa mafi ƙarancin ladan rubuta cinikin kadarar da ba ta kai naira miliyan 50 ba ya zama kashi 10 cikin 100, kason yana raguwa in kuɗin ya haura. Ga ma'aikacin da ya yi shekaru yana adashi kafin ya haɗa kuɗin fuloti, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman da yake ga la'ada ga kuɗin rajista suna jira. Ƙungiyar lauyoyi na da hujjarta ta hana karya farashi, amma ma'aunin da ya yi wa mai sayen gida a Maitama daidai ya yi wa mai sayen awon igiya a bayan gari nauyi, kuma shi ne ya fi buƙatar kariyar. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya san cewa bincike aiki ne mai zaman kansa da ake iya biya dabam, kuma shi ne ɓangaren da bai kamata a tsallake ba.

Su ma lauyoyin ba a wanke su duka ba. Akwai wanda aikinsa bai wuce ya buɗe tsohuwar takarda a kwamfuta ya sauya sunaye ya buga hatimi ba, bai je ma'aikata ba, bai ga fili ba. Irin wannan ya fi rashin lauya haɗari, domin mai saye ya tafi da natsuwar da ba ta da tushe. Akwai kuma al'adar lauya ɗaya ya tsaya wa ɓangare biyu, galibi wanda dillali ko kamfanin sayar da filaye ya kawo. Ranar da buƙatun biyu suka saɓa, ba a tambayar wanda zai bi. Mai saye ya ɗauki nasa, ya tambaye shi rahoton bincike a rubuce da rasit ɗin ma'aikata. Doka ta ba shi abin riƙo: lauyan da ya yi sakaci a irin wannan aiki ana iya ƙararsa a nemi diyya, kuɗin da aka damƙa masa amana wajibi ne ya ajiye su a asusu dabam da nasa, kuma Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi yana da ikon soke sunansa daga rajista. Dokar aikin lauya ta kuma haramta wa wanda ba lauya ba ya rubuta takardar cinikin ƙasa don a biya shi, abin da ya shafi masu shagunan buga takardu da ke bakin kotuna. Takardar da lauya ya rubuta tana ɗauke da sunansa da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa. In ɗaya daga cikin masu cinikin ba ya karanta Turanci, wajibi ne a karanta masa a fassara masa da harshen da yake ji, a kuma rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan kafin ya dangwala.

Akwai iyakar da aikin lauya ba ya wucewa. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke izinin mallaka saboda buƙatar jama'a, ko saboda mai shi ya saɓa sharuɗɗan da ke cikin satifiket, kuma diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da aka kashe a wurin, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a watan Yunin 2023 ya shafi mutanen da ke riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su, a wurare irin su Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula. Masu shagunan Filin Idi sun je babbar kotun tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Takardunsu ba su hana katafila zuwa ba, amma da su suka tsaya a gaban alƙali. Lauya mai hangen nesa kan ja kunnen mai saye tun farko cewa filin da aka yanko daga makaranta ko asibiti ko maƙabarta ko masallacin idi yana iya zama abin da gwamnati mai zuwa za ta waiwaya, ko da takardarsa ta fito daga ma'aikata. Bayan an kammala ciniki kuma yakan tuna masa sauran sharuɗɗan da ke kansa: biyan harajin ƙasa duk shekara, neman izinin gini kafin a sa tubali, gina wurin cikin wa'adin da satifiket ya gindaya, da neman sahalewa kafin a mai da gidan zama shaguna.